Saurin karatu da fahimta: Abin da ya kamata ɗalibai da iyaye su sani

Yelwa, wadda ke kan hanyar Dass a birnin Bauchi, unguwa ce da karatu ya raya. A nan ne tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wadda aka kafa a 1980. Ga Kwalejin Aikin Gona ta jihar, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji da ke maƙwabtaka da ita. Da zarar jarrabawa ta ƙarato, koken ɗaliban waɗannan makarantu kusan iri ɗaya ne: karatu ya taru, lokaci ya ƙure.

Wannan matsi ne ke sa wasu ɗalibai su karkata ga tallace-tallacen da ke yawo a intanet, na manhajoji da kwasa-kwasan da ke alkawarin koya wa mutum karanta kalma dubu ko fiye a minti ɗaya, ba tare da ya rasa komai na ma'ana ba. Masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna nazarin yadda ɗan Adam ke karatu, kuma abin da suka gano ya saɓa wa wannan alkawari. Sauri yana da iyakar da in an wuce ta fahimta ke zubewa. Haka nan jinkiri ma yana da iyakar da in an gaza ta ba a fahimtar komai. A tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne karatu mai amfani yake.

Yadda ido ke tafiya a kan layi

Mai karatu yana jin kamar idonsa na zamewa ne a kan layi ba tsayawa. A ƙarshen shekarun 1870, a ɗakin binciken wani likitan ido Bafaranshe mai suna Louis Emile Javal, aka lura cewa ido tsalle-tsalle yake yi. Yakan tsaya a kan kalma, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, kamar matafiyin da ke yada zango. Na'urorin bin diddigin ido na zamani sun nuna cewa kowace tsayawa takan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa, kowane tsalle kuma yakan ƙetare haruffa bakwai zuwa tara a rubutun Ingilishi. A lokacin tsallen ido ba ya ɗaukar komai. Duk abin da ake karantawa a zangon ake ɗaukarsa.

Dalili kuwa shi ne halittar ido kanta. Wani ɗan ƙaramin wuri ne a tsakiyar bayan ido ke gani tar-tar, abin da ke gefe kuwa dishi-dishi ake ganinsa. Bincike ya nuna cewa a kowace tsayawa, mai karanta Ingilishi yana amfana ne da haruffa uku zuwa huɗu a hagu da kimanin sha huɗu zuwa sha biyar a dama, amma waɗanda yake iya tantancewa sosai ba su kai haka ba. Ga masu karanta rubutun da ke farawa daga dama, irin Larabci, faɗin ya fi karkata zuwa hagu. Wannan ya sa da'awar cewa ana iya horar da ido ya haɗiye layi guda ko shafi guda a kallo ɗaya ba ta da tushe a yadda aka halicci ido.

Akwai kuma komawa baya. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na motsin idon ƙwararren mai karatu, komawa ce ga kalmar da ya riga ya wuce. Masu koyar da saurin karatu suna kiran wannan mummunar ɗabi'a da ya kamata a bari. Sai dai a duba wannan jimla: «Da fari ya zo, sai gonaki suka bushe.» Mai karatu zai iya ɗauka da farko cewa wani mutum ake nufi da ya fara zuwa. Sai ya kai ga bushewar gonaki ne zai gane cewa farin rashin ruwan sama ake magana. Idonsa zai koma ya gyara. Da an hana shi komawa, da ya wuce da gurguwar fahimta. A 2014, Elizabeth Schotter da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gwada haka: suka riƙa rufe kowace kalma da zarar ido ya bar ta, sai fahimtar masu karatun ta ragu.

Mene ne saurin da aka saba?

A 2019, Farfesa Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent da ke Beljiyam ya tattara sakamakon bincike 190 da aka yi a kan saurin karatu. Ya gano cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana karanta matsakaicin kalma 238 a minti idan rubutun na ilimi ne, da kalma 260 idan ƙagaggen labari ne. Idan a bayyane yake karantawa, adadin yakan sauko zuwa kalma 183. Yawancin mutane suna tsakanin 175 da 300 a rubutun ilimi.

Waɗannan alƙaluma na Ingilishi ne, kuma galibi na waɗanda Ingilishi ne harshensu na farko. Ba a ɗora su kai-tsaye a kan Hausa, domin tsawon kalmomi ya bambanta daga harshe zuwa harshe, kuma Hausa cike take da gajerun kalmomi irin su «ya», «ta», «da» da «na». Amma sun isa su nuna girman tazarar da ke tsakanin saurin ɗan Adam na haƙiƙa da kalma dubun da ake talla.

Inda alkawarin ya samo asali

Wata malamar makaranta Ba'amurkiya, Evelyn Wood, ce ta shahara da wannan harka. A 1959 ta buɗe cibiyar koyar da saurin karatu a birnin Washington, inda ake koya wa mutane jan yatsa a kan shafi don ido ya bi shi, da daina furta kalmomi a zuci, da daina komawa baya. Kasuwar ta bunƙasa ƙwarai. A zamanin wayoyin hannu kuma sai ta sake sabon salo. A 2014 manhajar Spritz ta ja hankalin duniya, inda take haska kalmomi ɗaya bayan ɗaya a wuri guda a kan allon waya, don kada ido ya ɓata lokaci wajen tsalle.

Masana sun gwada waɗannan hanyoyi. A farkon shekarun 1980, Marcel Just da Patricia Carpenter da Michael Masson sun kwatanta waɗanda aka horar da saurin karatu, masu gudun kalma 600 zuwa 700 a minti, da masu karatu irin wanda aka saba. Masu saurin sun iya faɗin gundarin abin da rubutu ya ƙunsa idan batun mai sauƙi ne, amma da aka zo tambayoyin da ke buƙatar bayani dalla-dalla sai suka gaza, musamman a wuraren da idonsu bai sauka ba. Abin da suke yi bai bambanta sosai da na wanda aka ce ya duba rubutu sama-sama ba.

A 2016 aka wallafa wani dogon nazari na Keith Rayner da Schotter da Masson da Mary Potter da Rebecca Treiman, wanda ya bi diddigin binciken shekaru da dama. Matsayarsu ita ce akwai cinikayya tsakanin sauri da fahimta: da wuya mutum ya ninka saurinsa sau biyu ko uku ya kuma riƙe fahimtarsa yadda take. Sun kuma nuna cewa muryar zuci, wato jin kalmomi a cikin kai yayin karatu, tana taimakawa wajen riƙe jimla har a gama warware ta, musamman a rubutu mai wuya. Abin da ke taƙaita gudun mai karatu shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke buƙata ta gane kalma ta haɗa ta da 'yan'uwanta. Ido yana jiran ƙwaƙwalwa ne. Ko da an tilasta masa ya yi gaba, ma'ana ba za ta biyo shi ba. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa, domin wanda ya yi gudu a shafi bai gane ba, tilas ya dawo ya sake.

Jinkiri ma yana kashe fahimta

Kada a ɗauka daga wannan cewa sauri ba shi da amfani. A Arewacin Najeriya, matsalar da ta fi yawa ita ce ta ɗaya gefen. Ƙwaƙwalwa tana iya riƙe abubuwa kaɗan ne a lokaci guda, na 'yan daƙiƙoƙi. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Duk ƙarfin hankalinsa ya ƙare a wajen fitar da sauti, babu saura don ma'ana. Masana biyu, David LaBerge da Jay Samuels, sun bayyana wannan tun 1974: sai gane kalmomi ya zama jiki, ba tare da tunani ba, sannan hankali ke samun sararin fahimta. Wasu masu nazarin karatun yara a ƙasashe masu tasowa suna ganin yaro na buƙatar karanta aƙalla kalma 45 zuwa 60 a minti kafin ya iya riƙe ma'anar ɗan gajeren labari.

Jihar Bauchi ta ga wannan a aikace. A 2013, ƙarƙashin wani shirin bunƙasa ilimi a Arewa da Hukumar Raya Ƙasashe ta Amurka, USAID, ta tallafa, an gwada karatun Hausa na yaran ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato. Tsarin gwajin mai sauƙi ne: a ba yaro ɗan labari, a ba shi minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan a yi masa tambayoyi a kan abin da ya karanta. Sakamakon ya nuna mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Wannan na daga cikin abubuwan da suka kai ga samar da littattafan «Mu Karanta!» na aji ɗaya zuwa uku a jihohin biyu, waɗanda ke koyar da sautukan haruffa da gaɓoɓi da karatun labari a harshen da yaro ke ji.

Matsalar ta wuce Bauchi. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su fahimta. A Afirka kudu da Sahara, ƙiyasin ya kusa kashi 90.

Yaron da ya bar firamare yana karatu da ƙyar ba ya warkewa don kawai ya girma. Tunda karatu na ba shi wahala, yakan guje shi, tunda yana guje shi kuma, kalmominsa ba sa ƙaruwa. Wanda ya iya kuwa yana ƙara karantawa, yana ƙara gaba. A haka tazarar ke faɗaɗa har zuwa manyan makarantu.

Daga ina saurin gaskiya ke fitowa?

Abu na farko shi ne sanin kalmomi. Ido yakan daɗe a kan baƙuwar kalma, ya wuce sananniya da sauri, wani lokaci ma ya tsallake ta gaba ɗaya. Binciken Paul Nation da abokan aikinsa a kan masu koyon Ingilishi ya nuna cewa mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato a shafi mai kalma 300, baƙin kalmomi shida ne kawai za su wuce ba su yi ɓarna ba. Ɗalibin injiniya ko na aikin gona a Yelwa, wanda ke karatu da harshe na biyu ko na uku, idan yana cin karo da baƙin kalmomi ashirin a kowane shafi, babu dabarar motsa ido da za ta cece shi.

Abu na biyu shi ne sanin batun. A 1988, Donna Recht da Lauren Leslie sun ba wasu yara a Amurka labarin wani wasan ƙwallon ƙasarsu. Yaran da ba su da ƙarfi a karatu amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimta. Haka abin yake a ko'ina. Ɗan manomi zai karanta bayani a kan takin zamani da sauri fiye da bayani a kan dokar haraji, ko da tsawonsu ɗaya. Wannan ne ya sa ɗalibin da ke halartar darasi yake gama littafin kwas da wuri: ya riga ya san inda maganar ta dosa.

Abu na uku yana wuyan marubuta. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka mai karanta Hausa yana dogara da muhallin jimla ya bambance gari na zama da gari na tuwo. Idan aka ƙara da yin watsi da haruffa masu lanƙwasa da raba kalmomi, kamar yadda ake yi a saƙonnin waya, sai nauyin ya ninka. Wanda ya rubuta «ya bata kudi» ya bar mai karatu cikin shakka: kuɗin ya ba ta, ko kuwa ɓata su ya yi? Kowane irin wannan shakka tsayawa ce da komawa baya.

Lissafin ɗakin jarrabawa

Jarrabawar shiga manyan makarantu da hukumar JAMB ke shiryawa ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Tana da tambayoyi 180 a cikin awa biyu, 60 daga ciki na Ingilishi ne. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ce ke kan kowace tambaya. A ce an ba da rubutu mai kalma 400 don amsa tambayoyi a kansa. Mai karanta kalma 200 a minti zai gama a minti biyu. Mai karanta 100 zai ci minti huɗu, wato ya rasa lokacin tambayoyi uku tun bai fara amsa ba. Wanda kuma ya yi tsere ya gama a rabin minti, zai dawo ya sake karantawa a kan kowace tambaya.

Haka lissafin yake a jami'a. Takardun darasi masu shafi 100, kowane shafi da kalma 300, sun kama kalma 30,000. Mai gudun 240 zai ratsa su a awa biyu da 'yan mintoci, mai gudun 120 kuwa sai ya haura awa huɗu. Wannan ya nuna inda ribar take: ɗaga mai karatu daga 120 zuwa 240 abu ne mai yiwuwa, kuma fahimta na ƙaruwa tare da shi. Daga 240 zuwa 1,000 kuwa, fahimta ce ake sayarwa a sayi sauri.

Akwai kuma batun allo da takarda. Wani nazari da Pablo Delgado da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda ya haɗa bincike sama da hamsin, ya nuna cewa fahimtar rubutun ilimi ta ɗan fi kyau a takarda fiye da a allo, kuma bambancin ya fi fitowa idan an ƙayyade lokaci. Tunda a allo ake jarrabawar, yana da kyau ɗalibi ya saba da karanta dogon rubutu a kwamfuta cikin natsuwa, ba irin zazzagar da aka saba yi a Facebook da WhatsApp ba.

Kowane rubutu da takunsa

Sanin cewa karatu na da taku daban-daban ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman tajwidi sun daɗe da kasa saurin karatun Alƙur'ani gida uku: tahƙiƙi, wanda ake yi a tsanake musamman wajen koyo, da hadari mai sauri, da tadwiri a tsakaninsu. Sharaɗinsu shi ne kada sauri ya ci haƙƙin harafi. Kuma kowa ya san gardin da ke tilawa da gudu ya kai ga hakan ne bayan shekaru na biya da tishi.

Ƙwararren mai karatun boko ma haka yake sauya taku. Idan lamba ko suna yake nema a jerin sakamako, lalube yake yi. Idan yana son sanin ko littafi zai yi masa amfani, yakan duba kanun babi da farkon sakin layi da kammalawa. Wannan dubawar sama-sama fasaha ce mai amfani, matuƙar mutum ya san ba karatu cikakke ya yi ba. Idan kuwa takardar yarjejeniya ce, ko ƙa'idar shan magani, ko tambayar jarrabawa mai ɗauke da kalmar «banda» ko «ba», to a nan sannu ba ta hana zuwa.

Abin yi

Ɗalibi zai iya auna kansa a gida. Ya ɗauki shafi, ya karanta na minti uku yadda ya saba, ya ƙirga kalmomin ya raba uku. Sannan ya rufe littafin ya rubuta abin da ya fahimta. Adadin da ba ya tare da wannan mataki na biyu ba shi da ma'ana. Binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa rufe littafi a gwada tuno abin da aka karanta ya fi sake maimaita karatun sa abu ya zauna bayan kwanaki.

Kafin shiga babi, yana da amfani a ɗauki 'yan mintoci a duba kanunsa da zane-zanensa da tambayoyin ƙarshensa, domin hankali ya san abin da zai tarar. A ware littafi na rubuta baƙin kalmomin kwas da ma'anarsu, a riƙa bitarsu. A ajiye waya a nesa, domin duk katsewa na tilasta komawa baya a nemo zaren magana. Wanda kuma yake ganin haruffa na haɗewa ko kansa na ciwo idan ya daɗe a kan littafi, ya je a duba idonsa.

Sama da duka, a yawaita karatu, har da na nishaɗi. Jami'ar da ke Yelwa tana ɗauke da sunan malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya rubuta «Shaihu Umar» a shekarun 1930. Irin wannan littafi, da «Magana Jari Ce» na Abubakar Imam, da jaridu da labaran zamani na Hausa da Ingilishi, su ne filin atisayen mai karatu. Ƙwarewar da aka samu a harshen gida tana taimakawa idan an koma harshe na biyu.

Iyaye da malaman firamare kuwa nasu nauyin ya fi na kowa. Sauraren yaro yana karatu a bayyane na minti goma a kullum, da sa shi ya maimaita ɗan labari guda har ya daina tuntuɓe, da tambayarsa abin da labarin ya ce, sun fi duk wata manhaja da za a saya masa daga baya. Ɗalibin da zai zauna gaban kwamfuta da daƙiƙa 40 a kan kowace tambaya, tun daga aji biyu na firamare ake fara shirya shi.